Ranar da Ungulaye Suka Faɗo

A ranin shekarar dubu biyu da shida, lokacin da alkama ta fitar da kai a gonakin bakin kanal ɗin ban-ruwa, tumatir kuma ya yi arha har ana barin sa a gefen titi, akwai wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Maharazu. Shi ba ya noman rani kamar sauran mutanen garin. Kaji yake kiwo, irin jajayen nan na gidan gona masu ƙwai. Da 'yan kaɗan ya fara a akurki, sannu a hankali har ya gina musu dogon ɗaki a bayan gida, rabi bulo rabi waya. Duk abin da hannunsa ya taɓa samu a duniya yana cikin ɗakin nan, yana kuka, yana tonon ɓuntun shinkafa.

An daɗe ana faɗa a rediyo cewa wata cuta ta shigo ƙasa, wai ita murar tsuntsaye, har ta ɓulla a manyan gidajen gona na wajen Kumbotso. Mutanen ƙauyen suka ce ai wannan ciwon kajin masu kuɗi ne, ina ruwansa da mu. Shi ma Maharazu haka ya ɗauka. Da ya shiga wata safiya ya tarar da kaji uku a kwance, sai ya ce sanyi ne da aka saba. Ya jiƙa sassaƙen maɗaci, ya fasa kafso a ruwan shansu. Matattun kuma ya yi musu abin da kowa ke yi wa mushe: ya ɗauke su ta ƙafa ya kai jujin bayan mahauta, ƙarƙashin wani tsohon rimi inda ungulaye ke kwana. Tun kaka da kakanni nan ake kaiwa. Kafin azahar ungulaye sun share, sai gashi kawai iska ke wasa da shi. Washegari wasu suka sake mutuwa, ya sake kaiwa. Kashegarinta ma haka.

Ranar da abin ya zo gaba ɗaya, shirun ne ya fara gaya masa. Kullum idan ya dawo daga masallaci da asuba, tun daga zaure yake jin hayaniyarsu, don sun san takunsa. Ran nan bai ji komai ba. Ya tura ƙofar ɗakin ya tsaya. Wasu sun kwanta sun miƙe ƙafa. Wasu suna tsaye, kai a ƙasa, fuska a kumbure, zankonsu da ya sani ja wur ya koma shuɗi kamar an tsoma a ruwan baba na marina. Wata ta tako ta nufi kwanon ruwa, taku ɗaya, taku biyu, sai ta durƙusa, shi ke nan. Yana kallo. Bai taɓa sanin rai yana fita da sauƙi haka ba.

Matarsa Ruƙayyatu ta leƙo ta bayansa, goye da 'yarsu Hawwa, ta saki salati. Salatin nan ne ya tara makwabta.

A garin akwai abin da aka saba. In dabbar mutum ta faɗi, ba a tsayawa jaje tukuna. Wuƙa ake nema, a yanka kafin rai ya fita, kada dukiyar Musulmi ta zama mushe. In abin da yawa ne, kowa ya fito da tasa wuƙar, kamar gayyar noma. To haka aka yi. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Sammani, shi ya fara shigowa yana naɗe hannun riga. Bayansa Hamma mahauci, abokin Maharazu tun suna yara, da wuƙaƙe a cikin jakar fata.

"Mai ƙwai, yau kuma ka koma mai nama?" in ji Hamma. "Ka shigo sana'ata ba sallama."

"Bar wasa, Hamma," Baffa ya ce. "Kai Maharazu, tsayuwar me kake yi? Fiye da rabi suna da sauran numfashi. Mu yanka, mata su fige, kafin la'asar Hamma ya kai wa masu gasa kaji a bakin titin Kura. Abin da ya saura a raba a gari. Ko kuɗin 'yan tsaki ka samu, ai ka tsira da wani abu."

"Baffa, abin da rediyo ke faɗa fa?"

"Rediyo ne zai ciyar da iyalinka? Kazar da aka ambaci sunan Allah a kanta, aka sa ta a wuta, me ya rage a jikinta? Mun ci masu ciwon farin kashi, mun ci masu gyangyaɗi, ga mu nan da ranmu."

Maharazu ya san gaskiya ce, sun ci. Kuma ya san in ranar nan ta faɗi ba a yanka ba, ba shi da komai sai ɗaki da kwanuka. Ya ce to.

Aka fara. Baffa na yankawa yana bisimilla, samari na miƙo masa. Ruƙayyatu ta ɗora ruwan zafi a babbar tukunya, mata suka jero da kwanuka suna jira ya tafasa. Gidan ya cika da hira, har da dariya, don aikin taro haka yake. Su kuma waɗanda suka riga suka mutu suna tare hanya, sai Maharazu ya loda su a baro zai kai juji. Hamma ya ce ya jira shi, zai ɗauko babban daro a mahauta.

Suka bi ta gefen ƙaramin kanal. Ruwa na tafiya a hankali, kore shar ko'ina, can nesa masu tsinkar tumatir suna ta kiran juna. Hamma bai daina tsokana ba.

"Kwana nawa ke nan kana yi wa ungulayena walima? Sun yi ƙiba har sun raina hanjin da nake jefa musu. Jiya ko saukowa ba su yi ba."

Suna karya kwanar mahauta Hamma ya ja ya tsaya.

A ƙarƙashin rimin, ungulaye ne a zube. Ɗaya ta kife da fuka-fukai a buɗe, faɗinsu ya kusa tsawon mutum. Biyu sun jingina da saiwar bishiyar kamar tsofaffin da barci ya kwashe a majalisa. Wata tana da sauran rai, tana juya wuya baya-baya, tana kallon sama da ido ɗaya. Maharazu ya ɗaga kai. A kan reshe akwai sauran, sun takure, ba mai motsi. Suna tsaye a wurin ɗaya ta saki reshen. Ba ta ko buɗe fiffike ba. Ta faɗo kamar an jefo ƙunshin tsumma, ƙasa ta amsa, tim.

Hamma ya cire hularsa. Bai san ya cire ba.

"Maharazu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "a mahautar nan aka haife ni. Ubana a nan ya tsufa. Ka taɓa ganin gawar ungulu?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma ban taɓa ba. Na ga sun ci jakin da ya kwana uku a rana. Na ga sun ci karen da ya haukace. Saniyar da maciji ya sara, har kore ta yi, suka cinye suka tashi suna shawagi. Ni a zatona Allah bai halicci abin da zai kayar da su ba."

Maharazu ya dubi baron da ke hannunsa, ya dubi gashin jajayen kaji da ke warwatse a jujin, nasa ne, shi ya kawo da hannunsa. Abin da ya ji ba tsoro kaɗai ba ne. Wani abu ne kamar abin da mutum ke ji in hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ya ga ƙanƙantarsa. Abin da ido ba ya gani, ba shi da wari, ya shiga ɗakinsa ya kwantar da kaji a safiya ɗaya, ya hau rimi ya sauko da ungulu. Sai ya tuna tukunyar da ke kan wuta, da hannun Ruƙayyatu, da Hawwa a bayanta.

Ya ajiye baron ya juya da gudu.

Ya tarar ruwa ya tafasa, Ruƙayyatu ta ɗauki kaza ta farko za ta tsoma.

"Ajiye ta! Ajiye, ki wanke hannu da sabulu. Ki shiga da yarinyar ɗaki."

Ta saki kazar tana kallonsa. Tunda aka kawo ta gidan bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Ya je ya durƙusa a gaban Baffa, wanda jini ya ɓata wa hannu har gwiwa.

"Baffa, don Allah a dakata. Ko ɗaya ba za ta fita gidan nan ba. Har waɗanda aka yanka."

Baffa ya dube shi sama da ƙasa. "Kai yaro, mutane sun bar gonakinsu sun zo rufa maka asiri, ka ce su mayar da wuƙa? Halal ɗin za ka zubar? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Ban san sunan abin ba, Baffa, ban kuma iya bayani ba. Ka zo ka gani kawai. In ka gani ka ce a ci gaba, ni zan riƙe maka ƙafafun."

"Je ka gani, Baba Sammani," in ji Hamma daga bakin ƙofa. Hularsa na hannunsa har yanzu. Ganin Hamma ba ya dariya ya sa tsohon ya miƙe.

Duk mazan suka bi shi. Masu tsinkar tumatir da suka hango taro su ma suka taho. Aka kewaye rimin daga nesa-nesa. Wani ya fara cewa Subhanallahi, sai ta bi bakin kowa, a hankali, kamar ana jan carbi. Baffa ya daɗe a tsaye. Ya dubi hannayensa, ya riƙe su nesa da rigarsa.

"A kawo min ruwa da sabulu," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Da diga da shebur."

Suka zaɓi wani fako a bayan gari, nesa da kanal, inda ruwa ba ya bi. Mutanen da suka zo da wuƙa su suka yi haƙan, suna karɓa-karɓa, har ramin ya shanye tsayin mutum. Wani ya hau babur ya tafi Bunkure ya gaya wa likitocin dabbobi. Kafin su iso da fararen rigunansu da abin rufe hanci, kaji 'yan kaɗan ne suka rage a tsaye, su ma aka gama da su.

Maharazu ya ɗaure hannayensa da leda, shi ya yi ta turo baron. Matattu suka fara shiga. Ungulayen ma aka kwaso da shebur aka haɗa. Daga ƙarshe aka zo kan yankakkun, jere a kan tabarma, kowacce an ambaci sunan Allah a kanta, nama mai kyau a ido. Nan ne hannunsa ya yi nauyi. Ya tsaya yana kallonsu.

Baffa ya matso kusa da shi. "Ni na yanka su," ya ce. "Kama can, in kama nan."

Suka ɗaga tabarmar su biyu, suka karkata ta a bakin ramin. Aka zuba kananzir, aka sa wuta, kowa ya ja baya. Maharazu ya zauna a kan tudun ƙasar da aka haƙo, hannu wayam, yana kallon hayaƙin yana miƙewa sama.

"Allah ya mayar da alheri," mutane suka riƙa cewa, ɗaya bayan ɗaya.

"Amin," yake amsawa. "Amin. Na gode."