Tsamiyar Shamuwa

Maikuɗi mai fata, kai ka cinye mini gero, da gatarinka ka cinye shi. Na faɗa a ƙofar gidanka, yanzu kuma na sa Ajimi mai rubuta wasiƙa ya sa a takarda don Bulama mai unguwa ya gani.

Ni ce Kellu ta Ajilari. A gidan nan na tsufa, tun ba a fara zancen jirgin ƙasa zai zo Maiduguri ba. Tsakanin dangata da katangar Maikuɗi akwai tsamiya, a kanta shamuwa ke sheƙa. Duk shekara kafin ruwan fari sai ka ɗaga kai ka ga sun iso, baya baƙi, ƙirji fari fat, ba wanda ya aika musu.

Wallahi ban taɓa ganin ma'aikaci irin tsuntsun nan ba. Gonata tana bayan gida. Da hantsi sai su sauka cikin kunyoyin gero suna taku ɗaiɗai kamar alƙalai, wuya ya miƙe, caraf, fara ta tafi. Nakan jingina da fartanya in yi ta kallo har in manta noma. Rana da ruwa su raini gero, fara ta ci ganye ta yi ƙiba, shamuwa ta haɗiye ta, ta kai wa 'ya'yanta. Ƙarfin ƙasata ne ke ɗaga fukafukan nan sama. Kashinsu kuma ya dawo mini taki. Ban yi boko ba, amma wannan karatun na iya shi. Farar da suka rage, mu kama mu soya da yaji, kowa ya samu.

Sai Maikuɗi ya yi rufin kwano. Wata safiya ya leƙo ta kan katanga.

"Ya Kellu, baƙinki sun mayar mini da kwano kamar an watsa nono."

Na ce, "To ɗana, ai fenti suka yi maka. Ruwan da suka kira shi zai wanke."

Ya yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Da rani na tafi unguwar Fezzan sunan jikata, na yi kwana uku. Na dawo na tarar da kututture. Ko yaron goye a unguwar nan ya san ba a taɓa itacen shamuwa.

Da lokaci ya yi suka zo. Kwana biyu suna kewaya sararin da tsamiyar take, kai ka ce masu neman gidan da ya ɓace. Sannan suka yi gabas.

Fara ta ƙyanƙyashe, ba mai tsince ta. Gero yana shirin fitar da kai ta bi shi kunya kunya, ta bar mini kara tsirara. Rumbuna yanzu sai gizo-gizo.

Bulama, a kira shi. Ya zo ya tsaya a tsakiyar gonar nan da manyan rigunansa, ya gaya mini abin da zan ci bana, ya kuma nuna mini inda shamuwa za ta sauka baɗi.