Ragowar Antibodin Yaya

Abin da ya rage a gindin ƴar kwalbar bai kai hawayen jariri ba. Auta ta ɗaga ta saitin taga, ta girgiza, ta sake dubawa, sai ka ce kallo zai sa ya ƙaru. Ina! Gwaji ɗaya zai yi, shi ke nan.

Kuma ba ruwan banza ba ne. A cikin ƙwayar halitta, zaren gado a nannaɗe yake jikin wani furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari. Jiki yakan liƙa wa histon ƴar alama mai suna metil, ɗaya, biyu ko uku, kowacce da saƙonta. Ido ba ya ganin su, sai an tura wani sinadari mai suna antibodi ya cafko wadda aka aike shi. Na cikin kwalbar nan daga jinin wani zomo aka tace shi, kuma an ce mai alama uku kaɗai yake kamawa. Zomon kuwa ya daɗe da mutuwa, ba a sake samun irinsa.

Da wannan antibodin Yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi digirin dakta a ɗakin binciken nan, ta nuna alama ukun tana taruwa a ƙwayoyin cutar daji. Ita ta jawo Auta ta ɗora ta a kan aikin. To, da na zomon ya kusa ƙarewa, Auta ta gwada sabon antibodi na kamfani, sai hoton ya fito fayau, ba komai. Ta maimaita har ta gaji. Tun daga nan wani mugun tunani ya shiga cin ta: anya tsohon ba ya haɗawa da mai alama biyu? In haka ne, aikin Yaya ginin toka ne, nata ma haka.

Da safe Yaya ta leƙo ta ce, "Ki zuba ragowar a kan samfurinki na ƙarshe, ki samu hotonki, ki gama kundinki. Kada ki yi mini wasa da shi, Auta."

"To, Yaya."

To ɗin baki ce kawai. Yaya na juya baya, Auta ta yanko siririyar takardar gwaji, ta ɗiga histon iri huɗu a jere: marar alama, mai ɗaya, mai biyu, mai uku. Ta zuƙo ragowar antibodin. Ta tsaya. Wallahi ta kusa fasawa. Sai ta cije leɓe, ta zuba.

Wunin ranar ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Da la'asar ta wanke takardar, ta sa a na'urar ɗaukar hoto, ta danna. A daidai lokacin ƙofa ta buɗe, ga Yaya riƙe da kofin shayi biyu, tana fara'a.

"Ƴar Auta ta zama dakta! Mu gani."

Ta sunkuyo kan allon. Fara'ar ta ɗauke.

"Wannan ai ba samfurinki ba ne."

Yaya ta ajiye kofunan a hankali. Ba ta buƙatar bayani, ta san gwajin nan kamar yunwar cikinta. Suka zuba wa allon ido, na'ura na ƙugi, hoton na fitowa sannu-sannu. Gurbin farko fari. Na biyu fari. Auta ta ƙura wa na uku, gurbin mai alama biyu, ido, tana addu'a, ita kanta ba ta san me take roƙo ba.

Fari tas. A gurbin ƙarshe kaɗai ɗigo ya fito, baƙi ƙirin.

"Yaya, mai kyau ne!" Auta ta ce. "Na kamfanin ne lalatacce. Aikinki daidai yake!"

Yaya ba ta ko kalle ta ba. Ta ɗauki kwalbar da ba komai a ciki, ta juya ta, ta mayar.

"Na yi wannan gwajin tun ba ki san hanyar ɗakin nan ba," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Tambayata kawai za ki yi, Auta. Amma kin gwammace ki tambayi takarda."