Binciken Otter Bend

Mijina Haggai ba ya sayen ko doya sai ya ji daga gonar wa ta fito, balle miji ga 'yarsa. Ranar da 'yarmu Mirabel ta kawo mana Wendell gidanmu na unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje da muke zaune, wani dogon Ba'amurke da suke koyarwa a makaranta ɗaya, tambayar farko da Haggai ya yi masa ita ce, "Ina ne garinku?"

"Otter Bend, a Nebraska," in ji yaron.

Haggai ya duba taswira har ya gaji. Da ƙyar ya gano ɗigon, a gwiwar wani rafi, gonakin masara sun kewaye shi. Wendell kuwa ya bubbuɗe kafaɗa yana ba da tarihi: kakanninsa sun zo da keken shanu, jirgin ƙasa ya raya garin, da aka ɗauke tashar samari suka watse. Mutanen da suka rage ba su kai 'yan cocinmu ba.

"Ba na ba da 'ya sai na yi bincike," Haggai ya ce. Na san abin da ke cin sa. A nan Mirabel ta girma, ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ta ƙara da "lah" irin ta mutanen ƙasar nan. Gani yake in ta tafi can, ƙauyenmu Kwalshin ya rasa ta har abada.

Bincike dai a asirce ake yin sa. Sai gogan naka ya aika wa faston garin saƙo, wai kada kowa ya ji. A garin da kantinsu ɗaya ne! Ran Lahadi da safe a agogonsu aka kira mu ta bidiyo, Mirabel da Wendell na zaune tare da mu, sai ga zauren coci maƙil, har da mai gidan mai da malamar da ta koya wa Wendell karatu. Kunya ta kama Haggai, ni kuwa dariya kamar ta kashe ni.

Suka faɗi halin ɗansu tas, har da motar noma da ya taɓa jefawa a rafi. Daga nan wata tsohuwa ta matso da fuskarta, ta ce su ma suna da tambaya: yarinyar nan 'yar ina ce?

Haggai ya buɗe baki zai amsa, Mirabel ta dafa hannunsa. Ta ce ita 'yar Kwalshin ce, a kan duwatsun Filato. Ta faɗi yadda kakanni suka hau dutse gudun hari, yadda suka jera duwatsu a gangare suka shuka acca, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da zuriyar da ke kula da ita. Duk labaran da ubanta ke yi a kan tebur tana latsa waya, ashe tana kwashewa. Ta juyo gare shi ta ce da Hausa, "Baba, na yi daidai?"

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Haggai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya dubi Wendell.

"Ka turo magabatanka."

Yaron ya nuna allon, inda garin gaba ɗaya ke ɗaga mana hannu. Hausar da ya yi wata yana haddacewa ta fito a karkace: "Baba, ga su nan."