Guraben Karfasa

Laouali na tsince robobin ruwa a bakin tafkin da ke kwarin Hanifa, can ƙasar Larabawa, sai ya ji wani yana faɗa da ƙugiyar fatsarsa da Hausa. Tsayawa ya yi cak, buhun shara a hannu. Tun da Harouna abokinsa ya koma Maraɗi bara, bai ƙara jin Hausa daga bakin mutum ido da ido ba. Ɗakin kwanansa su shida ne, biyar 'yan Bangaladash, mutanen kirki, amma hirarsu da shi ba ta wuce ɗan Larabcin "yalla" da "kwayyis".

Ya matsa ya yi sallama. Mutumin ya waiwayo, fari mai tumbi, da hular hana rana.

"A'a! Bahaushe ne? Ikon Allah! Ni Ghazali, a ofishin jakadancinmu nake. Kai fa?"

"Laouali, Alhaji. Daga Madarunfa."

Hira ta ɓarke. Ghazali irin mutanen nan ne da ba sa jira a ba su amsa, shi kuwa Laouali ko a jikinsa, sauraron kawai daɗi yake masa har cikin ƙashi. Ghazali ya ce tun hantsi yake zaune, ko ɗan tsako bai kama ba, ga shi ya cika wa matarsa Hajiya Habiba baki cewa yau miyar kifi za a sha.

"Duk Juma'a muna taruwa a gidana a unguwar Ulaisha, tuwo da miyar kuka, mu goma sha. Dole ka zo. Sa lambata."

Laouali ya ciro wayarsa. Ya rubuta suna, ya shiga danna lambobin da ake faɗa masa. An kai ta biyar sai igiyar fatsar ta motsa, Ghazali ya zabura ya fizgo. Ciyawa ce.

"Wai kifin tafkin nan azumi suke yi ne?"

Laouali ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Shekara huɗu yana sharar wurin nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai game da ruwa, alhali a cikin kwalekwale aka yaye shi.

"Alhaji, ba nan kihin yake ba. Sanyi ya wuce, ruwa ya yi ɗumi, sun tahi gefe. Taho in gwada maka."

Ya kai shi bayan wasu duwatsu inda ruwa bai kai gwiwa ba. Ya ce ya tsuguna, ya fuskanci rana, kada inuwarsa ta faɗa ruwan. Da farko Ghazali bai ga komai ba. Can sai ya hango su a cikin yashi, ramuka zagayayyu kamar an danna akushi, fiye da ashirin, kowanne da kifi a tsaye a kansa.

"Karfasa ce. Namijin shi ka gina gurbi da bakinshi, ya share shi tas, ya tsaya gadi. Macen in ta zuba ƙwai sai ta kwashe abinta a baki, ta koma cikin ciyawan can. Ba ta cin komai sai sun ƙyanƙyashe, shi ya sa fatsa ba ta kama ta."

Kowace safiya nan Laouali yake fara zuwa kafin ya ɗauki tsintsiya. Ya san gurbin da aka fara ginawa, ya san namijin da ya fi masifa. Bai taɓa nuna wa kowa ba.

Ghazali ya ruga mota ya dawo da birgi, ragar kamun kifi, sabo fil, wanda ya saya a kasuwar Batha bai iya jefawa ba. Ya miƙa masa. Laouali ya san abin da mahaifinsa yake cewa, ba a jefa birgi a kan gurbi. Amma dalmar bakin birgin ta riga ta zauna a tafinsa, ga kuma mutum yana kallonsa da girmamawa. Ya yafa a kafaɗa, ya juya ƙugu, ya saki. Birgin ya buɗe da'ira cikakkiya, ya rufe guraben har gefen ciyawa.

"Allahu Akbar! Kai, ashe gwani ne!"

Suka juye kifin a bokiti, ya kusa cika. Laouali ya sa hannu ya ɗago wata mai kumburarren maƙogwaro. Ta buɗe baki ta amayo masa ƙwai a tafin hannu, rawaya, ƙanana kamar gero, wasu har sun yi idanu. Kunya ta rufe shi.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Waɗanga ba a cin su yanzu. Bari su gama, bayan wata guda ni da kaina zan kama maka."

"Haba malam, kifi ai kifi ne. Kawo bokitin."

Laouali ya dubi bokitin, ya dubi Ghazali. Ya tuna ƙamshin miyar kuka. Sannan ya tsuguna ya karkata bokitin a cikin ruwa a hankali, har na ƙarshe ya fita.

Ghazali bai yi faɗa ba. Ya naɗe birginsa da kansa, ya tattara fatsarsa, ya ce, "To, shi ke nan. Allah ya ba da sa'a." Motar ta hau titi ta ɓace.

Ruwan ya ɗauki lokaci kafin ya kwanta. Laouali yana tsugune har ya ga namiji ɗaya ya dawo, ya soma kwashe yashin da ya rufta masa a gurbi. Ya ce masa, "Sannu da aiki. Laifina ne."

Ya ciro wayarsa don ya duba lokaci. Sunan Alhaji Ghazali na nan, da lambobi biyar a ƙasansa. Ya danna ya adana su haka nan, ya ɗauki buhun shararsa.