Maganar da Malam Uwaisu Ya Tafi da Ita

Ina tsugune a bakin rariya ina wanke tukunya na ji babur ya faɗi a ƙofar gida, sai muryar Inna Ummukulthum tana salati. Ban tsaya neman mayafi ba, zanin goyo na yafa na fita. Na tarar da mijinta Malam Uwaisu, maƙwabcinmu, kwance a gefen babur ɗinsa, hularsa ta gangara cikin kwata, jakar takardunsa na rataye a wuyansa. Idonsa biyu, yana kallonmu, amma bakinsa ya karkace gefe guda.

"Baba! Baba, kana ji na? Ni ce Mukarrama."

Ya motsa leɓe, babu abin da ya fito sai miyau. Maigidana Lado ya fito da gudu, aka tare mota a bakin titi, suka kinkime shi sai asibitin Zariya.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta zubar mini da mutunci. Da motar ta sha kwana, ba ransa na fara tunawa ba. Cewa na yi a zuciyata: yau fa Alhamis.

Malam Uwaisu jami'in ƙwadago ne, shekara talatin da ɗaya yana aikin gwamnati, kuma duk aikin nasa shiga tsakani ne. In ma'aikata da masu kamfani suka saɓa, shi ake turowa. Ofishinsu yana birni, amma bai taɓa barin Maƙarfi ba, kullum a babur yake zuwa ya dawo. Saura wata biyar ya yi ritaya aka ba shi rigimar garinsu, wato ta kamfanin casar shinkafa na Alhaji Shamsuddeen da ke hanyar Gazara. Bel ɗin inji ne ya fizge hannun wani ma'aikaci har gwiwa. Sauran suka ajiye aiki, suka ce sai an yi wa injinan murfi, sai kuma an cire manaja, don sau uku suna gaya masa bel ɗin nan zai ci mutum. Alhaji ya fusata, ya kori mutum ashirin da bakwai rana ɗaya. Lado yana cikinsu. Mako tara ke nan muna zaune, ga 'ya'ya huɗu, ga wata gonar da ba ta fi tabarma uku ba.

A ranar Alhamis ɗin nan ne Malam Uwaisu ya ce zai haɗa Alhaji da Nehemiya, shugaban ma'aikatan, a ɗaki ɗaya, karon farko. Duk wanda ya san shi ya san ba ya haɗa mutane sai magana ta nuna.

Yana da wata irin hanya tasa da na daɗe ina yi masa tsiya a kanta. Ba ya shan ko ruwan wanda yake sasantawa. Zai je wurin wannan su kulle ƙofa, ya fito ya je wurin wancan, kuma abin da kowa ya faɗa masa a kunne ba ya rubutawa, ba ya gaya wa kowa, har matarsa. A gidansa na girma kusan, tare da 'ya'yansa muka ci tuwo, saboda haka ba na jin nauyin tambayarsa. Ana jibi zai faɗi na tare shi a zaure yana goge takalmi.

"Baba, don Allah ko da ido ka yi mini alama. Za a mayar da su?"

"Ke dai 'yar nan, da ke aka ba aikin nan da tuni an ƙone kamfanin."

"To ni 'yarka ce fa."

"Shi ya sa ba zan gaya miki ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya ajiye burushin ya dube ni. "Kin san aikina? Ɗaukar kunya. Alhaji ba zai iya cewa ya sauko ba, Nehemiya ba zai iya komawa ya ce wa mutanensa ya sassauta ba. Sai ni in tsaya a tsakiya, kowa ya ce Malam Uwaisu ne ya matsa mini. Ranar da magana ta fita kafin lokacinta, kowa zai ce bai faɗa ba."

Na yi tsaki na ce Allah ya kai mu Alhamis. Ya yi dariya ya ce amin.

Kwana shida ya yi a asibiti suka sallamo shi. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Likita ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakin Inna, kusa da taga. Hankalinsa yana nan daram, duk wanda ya shigo ya gane shi, yana iya ɗaga hannun hagu, yana iya gyaɗa kai.

Nehemiya ne ya fara zuwa. Mutumin kudancin Kaduna ne, shekararsa ashirin a garin nan, dogo mai furfura a gemu. Ya cire takalmi tun daga tsakar gida, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo. Ina gefe ina fifita kunu.

"Baba, sannu. Allah ya ba da sauƙi. Baba, ka gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne, amma mutane suna ƙofar gidana kullum. Ba sai ka yi magana ba. Zan faɗa, in haka ne ka gyaɗa kai. Alhaji ya yarda ya mayar da mu?"

Malam Uwaisu ya rufe ido.

"Rabi ne zai mayar? Baba, ko rabi ne ka nuna mini in san abin da zan gaya wa ƙungiyar ma'aikata."

Bai buɗe ido ba. Can ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe yatsu biyu, ya haɗa su, ya nuna tabarmar da ke gabansa. Kowa a ɗakin ya gane. Ku zo ku biyu.

Na kawo biro da takarda na sa masa a hannu. Ya ture su da bayan hannu har biron ya shige ƙarƙashin gado.

Washegari Alhaji Shamsuddeen ya zo da babbar mota, da katan ɗin madara da buhun shinkafa. Malam Uwaisu ya ga ana shigo da kayan, ya yi ta girgiza kai yana gurnani har Inna ta ce a mayar da su mota. Shi ma Alhaji ya sunkuya ya rage murya, amma ɗakin ƙarami ne.

"Malam, su yaran nan, me suka ce maka? Sun janye maganar manajan?"

Yatsu biyu ya samu shi ma. Alhaji ya miƙe yana gyara babbar riga. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, ai sai ka sa rana a kira Nehemiya."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Matar wa ce wannan?"

"Matar Lado ce," in ji Inna.

"To ki ji. In na shigo na tarar da shi a zaune, gari zai ce na bi shi. In na riga shi zuwa, a ce na zauna jiransa. Da Malam ne ya kira da bakinsa, wannan daban. Allah ya ba shi lafiya, sai mu zauna."

Nehemiya da aka kai masa maganar, cewa ya yi shi a shirye yake, amma wanda ya yi kora shi zai aiko. Haka aka yi ta yi. Liman ya sa baki, mai unguwa ya sa baki, kowanne ya dawo da "to, za a duba". Ga kaka ta yi, motocin shinkafa shanshera suna ta sauke kaya a kamfani, kuma kowa ya san Alhaji ba zai bar shinkafa ta ruɓe don jiran mu ba.

Ranar da ya cika kwana goma sha biyu a gida, Inna ta shiga wanka da hantsi ta bar ni ina ba shi kunu. Da safen nan na raba wa yarana ɗumamen da bai isa mutum biyu ba, Lado ya ce shi ya ƙoshi, alhali tun jiya bai ci komai ba. Na kai cokali bakin Malam Uwaisu.

"Baba, ba kowa a ɗakin nan. Ni da kai ne da Allah. Ka gyaɗa mini kai sau ɗaya, ni zan san yadda zan yi da ita."

Ya dube ni. Ya fara ɗaga yatsun nan nasa.

"Kada ka nuna mini yatsu!" Na ajiye kofin da ƙarfi har kunu ya fantsama a zaninsa. "Ba za su zo ba, ka sani, na sani. Amanar Alhaji kake riƙewa, mu kuma mu ci me? Shekara talatin kana ɓoye maganar mutane, yau ga ta ta maƙale maka a wuya, ta maƙale mana. Wallahi Baba ka cuce mu."

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya, na hagun. Ya buɗe baki yana ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya fito. Na tashi na fita ban ko goge masa kunun ba. Na ce in na huce da la'asar zan dawo in roƙe shi gafara.

Kafin azahar na ji kukan Inna ta katanga.

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi wa mutumin da ya saya mini allon farko. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban tuna ba, kuma har yau ban gaya wa Inna ba.

A wurin zaman makoki Lado ya ce tabarma ɗaya aka shimfiɗa wa Alhaji da Nehemiya, kafaɗa da kafaɗa, suka karɓi gaisuwa tare, suka shafa addu'a tare, ba wanda ya dubi wani. Mu kuma a cikin gida, ranar sadakar uku, uwargidan Alhaji ta zo. Tana cikin yabon marigayi ta ce wa Inna:

"Ai mutumin kirki ne. Shi kaɗai ya iya da Alhaji. Ana gobe zai faɗi, Alhaji ya shigo yana cewa Malam ya ci galabarsa, zai mayar da su duka, a yi wa injin murfi, in dai sun bar masa manajansa. Kin san ɗan yayarsa ne."

Kwanon da ke hannuna ya kusa suɓucewa. Don ni na sani, daga bakin Lado, cewa tun mako biyu kafin ya faɗi ma'aikata suka yi mitin suka yarda a bar manajan in dai za a mayar da kowa, suka ba Nehemiya ya kai wa Malam Uwaisu a asirce. Ashe magana ta riga ta haɗu. Tana kwance a ɗakin nan kwana goma sha biyu, muna shiga muna fita muna ba ta kunu.

Na aika aka kira Lado, ya ruga wurin Nehemiya, Nehemiya ya ajiye girman kai ya tafi kamfani da ƙafarsa. A bakin get aka tsayar da shi. Alhaji ya fito ya saurare shi har ƙarshe.

"Hirar mata a gidan makoki ka kawo mini? Wa na gaya wa? Wanda na yi magana da shi yana ƙasa. In akwai takarda, kawo ta."

Babu takarda. Sabon jami'in da aka turo bayan sati biyu, saurayi ne mai ladabi, ya zo ya yi wa Inna ta'aziyya ya karɓi jakar takardun Malam Uwaisu. Ya buɗe fayil ɗin a gabanmu. Kwanan wata ne kawai a jere, kowanne da layi ɗaya: an gana da ɓangaren ma'aikata, an gana da ɓangaren kamfani. Ya ce ba komai, za a fara daga farko, zai rubuta wa kowa wasiƙa, a saurari rana bayan sabuwar shekara.

Ranar Litinin da ta biyo baya, da sassafe, na fito da koko na tarar da Lado a kan dakalin ƙofar gida. Ya ɗauko takalman robarsa na aiki, ashe tun ana gobe Alhamis ɗin nan ya wanke su ya ɓoye a bayan buhu. Ya sa ƙafa ɗaya ke nan wata a-kori-kura ta taho daga wajen Kudan, cike da samari a tsaye, sababbin ma'aikatan da aka ɗauka, ta nufi hanyar Gazara. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga masa hannu, irin gaisuwar da ake yi wa babba. Lado ya ɗaga nasa ya amsa.

Na ajiye kokon a gefensa. Har ya huce yana zaune, ɗayan takalmin a hannunsa.