Gashin Raƙumi a Bangon Kamfani

A shekarar da kamfanin haƙar ma'adinai ya rage ma'aikata karo na biyu, sunan Muktari na cikin takardar. Bai yi wata guda ba ya bi mota zuwa Tamanrasset neman aiki, ya bar matarsa Hansai da yara uku a gidan kamfani da ke Akokan, kusa da Arlit. Sai ga saƙo daga kamfani: ta tashi cikin kwana goma, ta kuma bar bango fari tas yadda suka same shi, in ba haka ba a riƙe takardar sallamar mijinta.

Fenti akwai, gwangwani biyu da Muktari ya ajiye. Buroshi ne babu. Lokacin tawayen Abzinawa ne, motocin Agadas ba sa zuwa sai da rakiyar soja, kasuwa duk ta bushe.

Ta je rumfar Ahmudu, wani Bakatsine mai sayar da ƙusa da kwaɗo a kasuwar Arlit. Guda ɗaya ya rage masa. Ya kama gashin ya ja kaɗan, sai ga shi ya biyo yatsunsa.

"Kin gani ko, baiwar Allah? Wannan ko kyauta na ba ki na cuce ki. Maigidanki bai bar tsoho ba?"

"Ya bari, Malam, amma ya sandare kamar itace."

"Jiƙa shi a kananzir kwana biyu. Kada ki lanƙwasa shi da ƙarfi."

Ta jiƙa, ta taje shi da tsohon matajinta. Fentin ya saki, amma rabin gashin ya tafi tare da shi. Tana zaune a ƙofar gida tana jujjuya abin a hannu sai Dassin ta iso. Dattijuwa ce Ba'abziniya da fari ya cinye mata awaki, take yawon tallar jakunkunan fata gida-gida. Tun da aka fara harbe-harbe a daji wasu matan unguwar suka daina buɗe mata ƙofa. Hansai ba ta daina ba. Hausar Dassin kuwa, kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai, ba ni in gani," in ji ta. Ta shafa gashin da babban yatsa. "Wannan ba ya mutu ba. Gobe."

Washegari ta dawo da gashin wutsiyar raƙumi da ta roƙo a mahauta, inda ake ta yanka ramammun dabbobi. Ta wanke shi da toka, ta jera, ta cusa tsakanin tsohon gashin, ta ɗaure da jiƙaƙƙiyar fata. Da fatar ta bushe sai ta kama tamau. Ta daidaita bakin da almakashi.

Hansai ba ta taɓa shafa fenti ba. Ranar farko ta tsoma buroshin har wuya, fenti ya gangaro mata zuwa gwiwar hannu. A rana ta biyu ta gane bakinsa kawai ake tsomawa, a goge a gefen gwangwani, a fara daga sama. Madafa ce ta wahalar da ita, sai da ta bi baƙin hayaƙi sau uku. Kullum in ta tashi sai ta wanke buroshin, ta rataye shi gashi na kallon ƙasa.

A rana ta tara mai duba gidaje ya zo. Ya zagaya ɗakunan, ya tsaya a wani lungu, ya sa farce ya ciro silin gashi ja daga bango.

"Wa ya yi miki aikin nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya sake duban bangon, ya sa hannu a takarda.

Kafin ta gama ɗaure kaya maƙwabciyarta Zinariya ta leƙo. Su ma saƙon ya iso musu.

"Yaya Hansai, ara mini buroshin nan mana."

"Ba na ba da aronsa, za ki bar shi ya bushe. Ki kwashe kayan ɗakin, ki shimfiɗa buhuna a ƙasa. Ko na tashi, jibi da safe ina nan tafe, ni da Dassin."

Zinariya, wadda ke cikin matan da suka daina buɗe wa Dassin ƙofa, ta maimaita sunan a hankali. Sannan ta tambaya ko tsohuwar tana shan shayi da sukari da yawa.