Dutsen Safiyo

A duk layinmu, gidana ne kaɗai ya rage da dutsen safiyo. Wani guntun siminti ne mai kusurwa huɗu, da lamba a kansa, irin wanda aka binne a bakin kowane fili lokacin da gwamnati ta yanka wannan unguwa ta bayan Jimeta ta raba wa ma'aikata. Matata Selina ta riƙe namu kamar ɗan fari. Kowace Kirsimeti sai ta shafe shi da farar ƙasa, kuma akuyar da ta zo goga jiki a kansa ta san sauran. Na maƙwabta kuwa sun daɗe da tafiya. Yawanci an tone su an yi murhu da su, domin ba sa fashewa a wuta. Wasu an danne kwanon rufi da su.

Da muka tare, unguwa ce mai tsari. Hanya mai faɗi, lambatu a gefenta yana kai ruwa har rafi, fili a tsakiya don yara. Malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da akawu-akawu. Sannan muka tsufa gaba ɗaya, kamar an ba mu umarni. Wasu suka koma ƙauyukansu, wasu aka kai su a akwati, 'ya'yansu suka sayar da gidajen daga Abuja ta waya. Doka ta ce unguwar zama ce, ba ta kasuwanci ba, saboda haka aka hana maƙwabciyata Fibi buɗe ɗan kanti a garejinta bayan mijinta ya rasu. Dokar nan ce kuma tana kallo filin yara ya zama wurin buga bulo. Yanzu Fibi tana suyar ƙosai a bakin hanya, inda babu ƙofar da za a rufe mata.

Bara Alhaji Hamman na Makama ya sayi gidan marigayi Hosea da ke sama da nawa, ya jera shaguna a gabansa, daidai kan lambatu. Bai rufe lambatun da sharri ba. Ya dai cika shi da ƙasa, ya zuba siminti, ya sa tayil mai kyau. Ruwa bai karanta tsarin gari ba, sai ya nemi wuri mafi gangare, wato ɗakin karatuna. Ruwan farko ya cinye layin ƙasa na kantar littattafaina, tarihi da ƙamus-ƙamus, har da littafin waƙoƙin coci na Selina.

'Yata Debbie ta zo daga Sangere, ta tsaya a cikin laka da takalminta a hannu.

"Baba, in ruwan nan ya sake shiga gidan nan, zan kawo mota in kwashe ka. Akwai ɗaki a wurina."

Na san ɗakin. Tagarsa tana kallon masaukin ɗalibai, kuma gado kaɗai yake ɗauka. Na ce mata ba zai sake shiga ba.

Na sa aka yi mini ɗan tudu na bulo a bakin ƙofa, tsayinsa bai kai gwiwa ba, ya riƙa juya ruwa ya bi hanya. Ya yi aiki. Da na tsaya a nan da yanzu ba ni da labari. Amma ni mutum ne da ya koyar da ilmin zaman ƙasa har ya yi ritaya, kuma irinmu ba ma barin abu ya yi aiki kawai, sai mun ga ya yi daidai. Na je wurin Alhaji.

"Jam na, Malam Zadok?" in ji shi da gaisuwar Fillanci, yana tura mini kujera. "Ka sha shayi?"

"Na sha ruwa, Alhaji. Naka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi Malam, bakinka! Ai ruwa na Allah ne. Ni ma can Makama yana shiga mana."

"A Makama kakanninka ba su yi alkawarin lambatu ba. Nan an yi."

"To wa ya yi alkawarin? Ka je ka same shi."

Na kuwa je. Na yi ta sintiri a ofishin tsara gari tun ana ba ni kujera har aka fara ba ni benci. Daga ƙarshe wani jami'i mai suna Jibrilla, saurayi mai ladabi da takalmi mai tsini, ya ce za su fito duba wuri.

Suka zo da hantsi, shi da wani mai ɗauke da tef ɗin awo da gwangwanin jan fenti. Mutanen layi suka fito kallo, 'yan haya duka, babu wanda ya san sunan wani. Alhaji ya aiko da lemo mai sanyi. Jibrilla ya tsaya gaban shagunan, ya duba ƙasa, ya tura tayil da tsinin takalminsa.

"Alhaji, ina dutsen filin nan?"

"Wane dutse, ɗana? Haka na saya."

Jibrilla ya juyo wurina da fuskar mai ta'aziyya. "Baba, ka ga matsalar. Mu ba ma awo sai daga dutse. In babu dutse, ba za mu iya cewa ya shiga hanya ba."

"Ka ga lambatu ya shiga ƙarƙashin shagon nan ta can, bai fito ta nan ba. Wannan ma sai da dutse?"

"Ido daban, awo daban, Baba. Sai an nemi safiyo ya sake kafa dutse, kuma wannan wani ofishi ne."

"A ina yake?"

"An haɗe shi da wani. Ana kan gyara."

A nan ne na yi abin da har gobe nake jin zafinsa. Na ce, da muryar aji, "Akwai dutse a layin nan. Zo ka gani." Na kai su kusurwar katangata, na nuna musu shi, fari tas, domin ban fasa shafa masa farar ƙasa ba tun da Selina ta tafi. Nufina su auna daga nawa su haura zuwa na Hosea, lissafin da ɗan aji huɗu zai yi.

Jibrilla ya tsuguna, ya share lambar da yatsa. Har ga Allah ya ji daɗi. "Kai! Rabona da ganin irin wannan tun muna makaranta. Baba, ka iya riƙo."

"Auna daga nan zuwa shagon."

"A'a, kowane dutse filinsa yake wa shaida. Wannan naka ne." Ya ɗora bakin tef a kai, abokinsa ya ja. Katangata ta fito daidai, ko yatsa ba ta ci ba. Sai tef ya wuce ƙofa, ya hau kan tudun bulona, ya tsaya.

"Baba, wannan fa?"

"Shi ke tare mini ruwan Alhaji."

"Yana kan hanyar gwamnati."

"Shaguna suna kan lambatun gwamnati!"

"Wancan ba mu tabbatar ba. Wannan mun tabbatar." Ya faɗa a hankali, kamar mai ba wa mara lafiya magani. "Kuma tunda mun fito, dole a ga mun yi aiki."

Mai gwangwani ya tsoma buroshi ya zana jan kuros a kan tuduna. Bulon ya yi ƙanƙanta har kuros ɗin bai samu wurin miƙewa ba, ƙafarsa ɗaya ta sauka a ƙasa. Kafin mako ya zagayo suka dawo da guduma. A iya sanina, wannan ne gini na farko da aka taɓa rushewa a unguwarmu bisa doka.

Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi. Ina tsaye a ƙofa ina kallon ɓaraguzai, Fibi ta ƙetaro daga wurin suyarta tana goge hannu a zani.

"Baban Debbie, hadari yana zuwa fa. Ka kira 'yarka ta zo ta ɗauke ka?"

"Ban kira ba."

"To me za ka yi? Ka sake gini, su sake zuwa da tef."

Na dubi murhunta a can bakin hanya. Duwatsu biyu masu kusurwa huɗu, sun yi baƙi ƙirin, na ukun kuwa guntun bulo ne da ya tsage, kaskon yana karkace a kansa.

"Fibi, na wa da na wa ne waɗancan?"

"Ɗaya namu ne. Ɗaya na Baba Hosea." Ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Suna riƙe wuta sosai."

Na shiga ciki na ɗauko diga. Selina ta sha cewa ranar da dutsen nan ya bar wurinsa, mun zama kamar kowa. An binne shi da zurfi, aikin mutanen da, sai da na huta sau da yawa kafin ya motsa. Ƙasansa ja ne, bai taɓa ganin farar ƙasa ba. Fibi ta kama gefe ɗaya, muka kai shi, ta zare tsagaggen bulon ta sa shi. Kaskon ya zauna daidai.

Na cike ramin, na daddanne da ƙafa. Sannan na tattara bulon da guduma ta bari, na jera su a bakin ƙofa, na ƙara da buhunan yashi, na fito da su cikin hanya fiye da inda suke da. Ruwan ya sauko kafin in gama. Ya gangaro daga shagunan Alhaji, ya bugi buhunan, ya juya, ya nufi gidan da ke ƙasa da nawa, inda wasu 'yan haya suke da jariri. Na ji matar tana kiran mijinta ya kawo bokiti.

Debbie ta bugo waya tana tambaya ko ruwa ya shiga.

Na ce, "Bai shiga nan ba."